Me Ya Sa Mai Busa Kilarinet Yake Riƙe da Biyu?

Kilarinet wata abar busa ce ta Turawa, baƙa, mai kama da algaita, sai dai ita ɗan siririn kara guda ake ɗaura mata a baki. A babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira, mai busa ta yakan zo da biyu cikin akwati ɗaya. Suna kiran ɗaya B-filat, ɗayar kuma A. Ta A ta ɗara 'yar'uwarta tsawo kaɗan, don haka muryarta ta fi yin ƙasa da rabin mataki. To, me ya kawo wannan ɗawainiya?

Asalin abin daga yatsu ne. Wani Bajamushe, Johann Christoph Denner, shi ake cewa ya ƙago kilarinet wajen 1700, kuma na farkon maɓalli biyu kaɗai gare su. Sarewar Turawa in aka ƙara mata ƙarfin busa, muryarta takan haura mataki takwas, amma kilarinet sai ta tsallaka zuwa na goma sha biyu. Yatsun mutum ba su isa su toshe dukan kafofin da za su cike wannan rata ba. Sai maƙera suka yi dabara, suka riƙa ƙera ta tsawo daban-daban, kowace da irin waƙar da ta fi yi mata sauƙi.

Ga misali. Masu gogen Turawa, waɗanda su ne suka fi yawa a okestira, suna son waƙa a muryar D ko A ko E. In waƙa tana E, mai B-filat zai tarar da alamu shida na ƙarin rabin mataki a takardarsa, yatsu su yi ta sarƙewa. In ya ɗauki ta A, alama ɗaya tak ta rage.

A 1812 Iwan Müller ya kai wa malaman makarantar kiɗa ta Faris sabuwar kilarinet mai maɓalli 13, ya ce ita kaɗai ta isa kowace waƙa. Suka ƙi karɓa! Hujjarsu kuwa ita ce kowace kilarinet da irin zaƙinta, ba su so a rasa. A ganina suna da gaskiya, ko da yake sun ƙware shi. Masu busa da yawa suna cewa muryar ta A ta fi taushi, kuma a muryar A Mozart ya tsara shahararren kiɗansa na kilarinet a 1791.

Na yanzu suna da maɓallai barkatai, duk da haka ba a daina riƙe biyu ba. Baki ɗaya ke yi musu aiki. A tsakiyar kiɗa mai busa zai zare shi daga wannan ya soka wa waccan cikin 'yan daƙiƙu. Wadda ke ajiye kuwa sanyi kan kama ta, muryarta ta ɗan faɗi, shi ya sa za ka ga yana hura mata iska a hankali kafin lokacinta ya yi.