Yadda Ake Haɗa Fom na Intanet da Jadawalin Tattara Bayanai

Fom na intanet takardar tambayoyi ce da ake cikewa a waya ko kwamfuta. Idan aka haɗa shi da jadawali, duk amsar da aka tura za ta sauka a gurbinta da kanta, ba sai wani ya zauna yana kwafewa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Google Forms da Google Sheets, kuma kyauta ce ga mai asusun Google.

Ana farawa da tsara tambayoyi, kuma nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Jadawali ba ya gyara kuskure. Abin da aka ba shi, shi yake ajiyewa. A ce makarantar Islamiyya ce ke rajistar ɗalibai. Idan aka bar gurbin unguwa a buɗe, wani zai rubuta "Fagge", wani "Fage", wani kuma "Fagge Kano", ranar ƙirga sai unguwa ɗaya ta zama uku. Maganin wannan shi ne a jera sunayen unguwannin, mai cikewa ya zaɓi ɗaya. Tambayar da ba a so a tsallake kuwa, sai a sanya ta dole.

Shi kansa haɗa fom da jadawalin ba ya cin minti guda. A saman fom ɗin akwai sashen amsoshi mai suna Responses. A ciki ake latsa Link to Sheets, a zaɓi sabon jadawali ko wanda ake da shi. Nan take kowace tambaya za ta samu layinta na tsaye, kowane mai amsa ya samu layinsa na kwance. Layin tsaye na farko yana ɗauke da rana da lokacin da amsa ta shigo.

Kafin a raba fom ɗin a WhatsApp, ana cike shi sau biyu ko uku don gwaji. Lambar waya ce aka fi sa wa ido, domin jadawali yakan ɗauke ta a matsayin adadi ya zubar da sifilin farko, lambobi 11 su koma 10. In haka ta faru, sai a mayar da layin ya zama na zallan rubutu, a sake gwadawa.

Shafin da amsoshi ke sauka gara a bar shi yadda yake. Lissafi da tacewa a yi su a wani shafi dabam mai janyo bayanan daga can. Goge layi a jadawali ba ya goge amsar daga fom ɗin. Tana nan har sai an cire ta a can ma. Izinin buɗe jadawalin kuma a taƙaita shi ga masu aikin kaɗai, tunda sunaye da lambobin mutane amana ce.

Fom na Google ba ya tafiya sai da intanet. Inda sabis ke da rauni, masu aikin ƙauye sukan yi amfani da KoboToolbox, wanda ke riƙe amsa a waya har a samu sabis ya tura.