Ɗanku Ya Taɓa Zuwa Ofishin Malaminsa?

A manyan jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, kwasa-kwasan ajin farko, musamman na GST da ya zama dole ga kowa, sukan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya. Na can baya da ƙyar yake jin lasifika, balle ya ɗaga hannu. Wurin da zai samu malami a natse shi ne ofis, a lokacin da aka ware don ganin ɗalibai. Sai dai yawancin yara ba sa leƙawa sai jarrabawa ta ƙarato. Iyaye na da rawar takawa a nan.

1. Ku sauya tambayar da kuke yi a waya. "Ya karatu?" amsarta ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Ku ce, "Wane kwas ne ya fi ba ka wuya, kuma ka je wajen malaminsa?"

2. Ku warware masa batun kunya. Mu muka koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma da yawa sun ɗauka zuwa ofis da tambaya rashin ladabi ne, ko tona wa kai asiri ne cewa ba a gane ba. Daga bakinku ya kamata ya ji cewa matambayi ba ya ɓata. Ya yi sallama, ya gaishe da Malam, ya faɗi sunansa da kwas ɗin, ya shiga magana. Ladabin ke nan.

3. Ya san ranar da lokacin ganin ɗalibai tun makon farko. Wasu malamai kan liƙa a ƙofa. In babu, wakilin aji ya tambayo.

4. Kada ya je hannu rabbana. "Malam, ban gane komai ba" ba tambaya ba ce, kuma mai ɗalibai ɗari biyar ba zai sake lacca don mutum ɗaya ba. Ya tafi da littafinsa, ya nuna lissafin da ya fara da layin da ya maƙale.

5. Ya je da an dawo da sakamakon gwajin CA, wato na cikin zango, tun akwai sauran gyara. Wanda ya bari sai an kafe sakamakon ƙarshe, roƙon maki zai je, kuma malamai sun gaji da jin wannan.

6. Mace ta tafi da ƙawa ɗaya ko biyu, da rana, cikin lokacin da aka sanar. Binciken BBC na 2019 kan neman lalata da ɗalibai don maki ya sa iyaye da dama ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Hana ta zuwa kuwa tauye ta ne. Ku ce mata in ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta faɗa muku, a kai maganar ga shugaban sashe.