Darasi Na Goma Sha Biyu: Daga Bukkar Kibo Zuwa Ƙololuwar Uhuru

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

Ya kai ɗalibi, shin ka taɓa hawa wani dutse a kusa da garinku? Idan ka taɓa, to ka san yadda mutum yake haki, ƙafafunsa kuma su yi nauyi. A wannan darasi za mu kai ka ƙasar Tanzaniya, a gabashin Afirka, inda dutsen Kilimanjaro yake. Shi ne dutse mafi tsawo a Afirka, domin tsawonsa ya kai mita 5,895. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan Kilimanjaro ya ninka shi har da ɗoriya.

Akwai hanyoyi da dama na hawa wannan dutse. Ɗaya daga cikinsu ita ce hanyar Marangu, wadda aka gina wa bukkoki uku domin matafiya su riƙa kwana. Ta farko ita ce Mandara, a cikin kurmi. Ta biyu ita ce Horombo. Ta ƙarshe kuwa ita ce Kibo, wadda take a bisan da ya kai wajen mita 4,700. Ba a barin kowa ya hau shi kaɗai. Dole ne ya ɗauki jagora, sannan akwai 'yan dako masu ɗaukar abinci da ruwa da sauran kaya.

Yanzu ka ɗauka cewa ka yi kwanaki kana tafiya, yau ga ka a bukkar Kibo. Duba kewaye da kai. Babu itace, babu ciyawa, babu rafi, sai duwatsu da ƙura da iska mai sanyi. Ruwan da za ka sha ma daga ƙasa aka ɗauko shi. Da yamma za ka ci abinci kaɗan ka kwanta, amma da wuya barci ya ɗauke ka. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare jagora zai tashe ka. Za ka sa riguna masu kauri, ɗaya bisa ɗaya, da safar hannu da hular sanyi, ka ɗaura tocila a goshi. Da tsakar dare sai ku kama hanya.

Me ya sa ake tashi da dare? Dalili na farko shi ne, hanyar cike take da tsakuwa mai zamewa, amma sanyin dare yakan daskarar da ita, ta fi daɗin takawa. Na biyu, ana so a isa sama da hantsi, kafin gajimare ya rufe ko'ina. Na uku, ana bukatar isasshen lokacin saukowa kafin duhu ya sake yi.

Daga Kibo zuwa ƙololuwa bai wuce kilomita 6 ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya za ka iya cinye wannan nisa cikin awa ɗaya da rabi. A nan kuwa zai ci maka awa bakwai ko takwas. Ba tsayin dutsen kaɗai ke jawo haka ba. Duk sa'ad da mutum ya ƙara yin sama, iska tana ƙara yin shara-shara. A ƙololuwar Kilimanjaro, iskar oksijin da mutum yake samu a kowane numfashi kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ce. Shi ya sa kai yake ciwo, zuciya take tashi, jiri yake ɗibar mutum.

A nan ne za ka riƙa jin jagora yana cewa "pole pole". A harshen Swahili wannan yana nufin sannu-sannu. Kada ka ɗauka wasa yake yi. Sau da yawa saurayi mai ji da ƙarfi yakan wuce kowa da sauri, amma kafin asuba sai a same shi a zaune yana amai, dattijon da ya bari a baya ya zo ya wuce shi. Jiki yana bukatar lokaci kafin ya saba da ƙarancin iska. Saboda haka ne masu hikima suke ƙara kwana ɗaya a Horombo kafin su zo Kibo. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Hanyar ba ta miƙe sak ba, sai ta yi dama ta yi hagu saboda tsananin gangara. Sanyi yakan kai inda ruwa zai daskare a cikin gora. Wajen fitowar rana za ka isa wurin da ake kira Gilman, a bakin wani makeken rami, domin asalin Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta. Daga nan sai ka bi gefen ramin na kimanin awa ɗaya da rabi, kana ganin manyan bangayen ƙanƙara, har ka isa Uhuru. Ma'anar wannan suna ita ce 'yanci. An raɗa wa ƙololuwar shi ne domin tunawa da 'yancin kan da Tanganyika ta samu a shekarar 1961.

Ba a daɗewa a can. Bayan ɗan lokaci kaɗan jagora zai ce a juya, domin a ranar za ku sauko Kibo, ku huta, ku zarce har Horombo.

Amma ka sani, ba kowa ne yake kaiwa ba. Idan mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko maganarsa ta rikice, ko numfashi ya gagare shi ko da yana zaune, to ransa yana cikin haɗari. Maganin wannan shi ne a sauko da shi nan take. Juyawa ba abin kunya ba ne. Bajamushen nan Hans Meyer ya gwada hawa dutsen a shekarar 1887, ya kasa, ya juya. Ya sake dawowa a shekarar 1889 tare da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller, suka zama Turawan farko da suka taka ƙololuwar. Da ya yi taurin kai a karon farko, wataƙila da bai ga karo na gaba ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yake dafa dutse har ya sha romonsa.

Sababbin Kalmomi

ƙololuwa: wuri mafi tsawo a saman dutse
jagora: mai nuna hanya
ɗan dako: mai ɗaukar kaya a biya shi
haki: yin numfashi da sauri saboda gajiya
daskare: ruwa ya zama ƙanƙara
tangaɗi: tafiya kamar za a faɗi

Tambayoyi

1. A wace ƙasa dutsen Kilimanjaro yake, kuma mita nawa ne tsawonsa?
2. Kawo sunayen bukkoki uku na hanyar Marangu.
3. Kawo dalilai biyu da suka sa ake barin Kibo da tsakar dare.
4. Me ya sa tafiyar kilomita 6 take cin awa bakwai?
5. Waɗanne alamu ne suke nuna cewa dole matafiyi ya juya?

Nazarin Harshe

Lura da waɗannan kalmomi masu maimaici: sannu-sannu, shara-shara. Nemo wasu guda uku irinsu, ka sa kowacce a cikin jimla.

Aikin Gida

Rubuta jimloli goma a kan wani aiki mai wuya da ka taɓa kammalawa saboda ka bi shi a sannu.