Amsoshin Tambayoyinku: Rumfar tamfol za ta iya zama filin kilisar dawaki a Maiduguri?

TAMBAYA: Ina da dawaki uku da nake kiwo a gida. Na ga a waya yadda Turawa ke kafa ƙatuwar rumfa ta ƙarfe, su lulluɓe ta da farin yadi, su riƙa horar da dawaki a ciki, ba ruwansu da rana ko ruwan sama. Mu nan da bazara ba a ɗaura wa doki sirdi daga hantsi har la'asar. Irin wannan gini zai yi aiki a Maiduguri, ko asarar kuɗi ce? Daga wani mai kiwon dawaki, Bulumkutu, Maiduguri.

AMSA: Zai yi aiki, amma ba a siffar da ka gani a waya ba. Na kuma fahimci abin da ya sa ka fara wannan tunani. Barno ƙasar doki ce tun fil azal. Dubban mahaya ne suka tari Turawa matafiya Denham da Clapperton a Kukawa a 1823, wasunsu sanye da sulke. Amma tun da sojoji suka hana zirga-zirga a kan doki a jihar a 2015 saboda rikicin Boko Haram, mai doki ya gane amfanin samun killataccen wuri na kansa.

Ginin da kake magana a kai ƙwarangwal ne na ƙarfe mai lanƙwasa, wanda aka jiƙa a sinadarin hana tsatsa. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa, abin da ya sa masu dawaki ke sonsa ke nan. Abin da ake shimfiɗawa a kai kuma ba tamfol ɗin rufe buhunan hatsi ba ne. Saƙa ce mai kauri ta zaren roba da aka shafe da PVC, a ja ta tamau da igiyoyi da kusoshi. Haske na ratsa ta, don haka da rana ba ka bukatar fitila, kuma idan ana ruwa ba ta yin rugugin da kwano ke yi har ya firgita dabba. Ka ma san ƙannenta a nan garin: manyan fararen tantunan da Hukumar Abinci ta Duniya da sauran ƙungiyoyin agaji ke tara kaya a ciki. Waɗancan faɗinsu mita 10 ne, tsawo 24 ko 32. Idan wani ya yi maka tallar kwancensu da araha, ka sani mita 10 ba ta isa doki ya kewaya da gudu ba. Ƙaramin filin horo da aka sani a duniya mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo, babban kuma 20 da 60. Rufin ya kai kamar mita 5 a gefe, don mahayi ya miƙe a kan likkafa ba tare da fargaba ba.

Turawa suna rufe nasu ruf ne saboda sanyi da dusar ƙanƙara. Shahararren zauren hawa na birnin Biyana da aka kammala a 1735, don hawan lokacin sanyi aka gina shi. Kai kuwa abokin gabarka zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri yana haura 40, kuma duk wanda ya taɓa shiga rumbun tantin agaji da azahar ya san iskar ciki ba ta motsi. Doki da zufa yake sanyaya jikinsa, zufa kuwa ba ta bushewa sai iska na kaɗawa. Ka kulle shi a rufaffiyar rumfa kana sa shi zagaye, za ka ga haki ya ƙi tsayawa, hancinsa a buɗe, gumi na zuba ba ya ƙafewa. Daga nan sai neman likitan dabbobi.

Saboda haka kada ka kwaikwayi Turawa, ka kwaikwayi Jidda. In ka taɓa sauke farali, ka tuna rumfunan filin jirgin alhazai da aka buɗe a 1981: farin yadi can sama, gefe a buɗe ta ko'ina, kowace rumfa da kafa a ƙoƙuwarta inda iska mai zafi ke ficewa. Tsarin da ya dace da kai ke nan, rufi ba bango. Yadin Jidda, da na tantunan Mina da aka kafa bayan gobarar 1997, na zaren gilashi ne mai tsadar gaske, ba shi za ka saya ba. Kai dai ka nemi fari, mai jure hasken rana, wanda wuta ba ta saurin ci, kuma ka ajiye harawa nesa da shi. Ta gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, sai a rataya labulen raga da ake saukewa a naɗe.

Inda na fi jin tsoro shi ne iska. Ka san yadda hadarin farkon damina ke zuwa a Barno: jan ƙura ya taso daga gabas, kafin ɗigon ruwa ya sauka kwanon unguwa ya tashi. Rumfa mai mita 20 da 40, wato murabba'in mita 800, da gefenta ke buɗe, iska ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga ta. A Mayun 2009 wata rumfar ƙarfe da yadi ta ƙungiyar ƙwallon Dallas Cowboys ta rufta a jihar Texas ta Amurka, mutum 12 suka ji rauni. Binciken hukuma ya nuna iskar ranar ba ta wuce gudun kilomita 90 zuwa 105 a awa ba, ƙasa da abin da ya kamata ginin ya jure. Lissafin masu zanen ne ya gaza. Wannan a ƙasar da ake bin dokar gini sau da ƙafa. Don haka kada ka bar aikin a hannun mai walda shi kaɗai, komai gwanintarsa. Ka sa injiniya mai rajista ya lissafa tushe, kowace ƙafa a dasa ta cikin kankare mai nauyi, domin turaku ba sa riƙewa a rairayi. Mai sayarwa kuma ya ba ka takardar da ta faɗi ƙarfin iskar da rumfar ke ɗauka. In ya fara kame-kame, ka kama gabanka. Kowace shekara kafin damina a bi igiyoyi a ƙara ɗaurewa, don yadin da ya saki shi ne ke karkaɗawa har ya yage.

Sai ƙasa, wadda yawancin mutane ke mantawa da ita alhali a kanta kofato ke sauka. A fara da marmara a daɓe ta da kyau, a ɗaga ta sama da ƙasar kewaye, sannan a zuba yashi mai kaurin santimita 5 zuwa 8. In ya fi haka zurfi yana gajiyar da jijiyoyin ƙafa. Filin da ke ƙarƙashin rufi ba ya samun ruwan sama, sai ka riƙa yayyafa masa da kanka, in ba haka ba ƙura ta jawo wa doki tari. Ga lissafi: jiƙa murabba'in mita 800 da milimita ɗaya tak yana cin lita 800, wato jarka 32 ta 'yan garuwa, kuma da hunturu milimita ɗaya ba ta kai ko'ina. In ba ka da rijiyar burtsatse, wannan kaɗai zai iya gajiyar da kai. Wajen zaɓen fili kuma ka tambayi inda ruwa ya tsaya a ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle.

A gefe a kafa shingen katako mai kai ƙirji, a shafa masa maganin gara, don kada doki ya goga gwiwar mahayi a jikin ƙarfe. Ranar farko kada ka hau. Ka ja shi da ragama ya shiga, ya sunsuna, ya ji motsin yadin a sama, ya saba.

Ka kuma san abin da rumfar ba za ta ba ka ba. Sukuwa da jahi irin na hawan salla suna son dogon fili. A mita 40 doki bai gama buɗe ƙafa ba ya kai ƙarshe. Filin holo tsawonsa ya kai mita 274. Rumfa ta kilisa ce, da koyar da linzami, da koya wa yara hawa.

Da dala ake shigo da yadin, kuma shekara 15 zuwa 20 da masu ƙera shi ke alkawari, kada ka sa ran ranar Maiduguri za ta bari ya cika su. Ga mai doki uku, shawarata ka yi zagayen horo mai faɗin mita 18 zuwa 20, ka kewaye shi da dogon yaro, ka riƙa hawa bayan asuba da sakaliyar la'asar. Babbar rumfa sai in za ku haɗa kuɗi ku da yawa, ko kana shirin buɗe makarantar koyon hawa da za ta riƙa biyan kuɗin ruwa da gyara. In ka kai ga haka, ka fara da injiniya da mai haƙa rijiya kafin ka je wurin mai yadi. Allah Ya sa albarka a barga.