Darasi: Yadda Ake Soya Gahawa a Gida

Ga iyaye mata masu niyyar kafa teburin shayi da gahawa a nan sansani, shawararmu ita ce ku sayi ɗanyun 'ya'yan gahawa ku soya da kanku, kamar yadda matan Sudan suke yi kafin su ɗora jabana. Ɗanye yana watanni bai lalace ba muddin bai sha laima ba. Gari kuwa cikin 'yan kwanaki ƙamshinsa yake gudu, kuma mai saye bai san abin da aka cakuɗa a ciki ba.

Da farko a tsince tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi. A ɗora kasko busasshe a kan garwashin da ya daina ci da harshe, ba mai, ba yashi. Wannan ba suyar gyaɗa ba ce. A zuba kaɗan, yadda kowace ƙwaya za ta taɓa gindin kasko, a yi ta juyawa ba tsayawa. Za ku ga launi ya tashi daga kore zuwa rawaya, sannan ruwan ƙasa. Can za ku ji ƙas-ƙas kamar gugguru. Wannan ƙarar farko ce, daga nan gahawa ta shawu. Mai son ta da ƙarfi sai ta ɗan ƙara, har a ji ƙara ta biyu, siririya, maiƙo ya fara fitowa a jikin ƙwayar. Nan ne iyaka. Abin da ya wuce haka gawayi ne, ko an cika sukari ɗacin ba ya ɓuya. Duka aikin minti 10 zuwa 15 ne.

A juye a faranti nan take, a fifita, domin zafin jikinta yana ci gaba da soya ta. A bakace ɓawon, ta huce, sannan a daka iya na yini ɗaya a turmi, da citta in ana so. Ragowar a rufe a kwalba. Mai lissafin riba ta sani cewa kilo ɗaya ba ya komawa kilo: bayan suya abin da yake saura wajen giram 800 zuwa 850 ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda ake hura wutar. Mun san sanyin asuba yana sa a ja murhu cikin tanti, amma kada a yi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum a rufaffen wuri. Ɓawon gahawa kuma ba nauyi, yana tashi da tartsatsi, ga tantuna da zana manne da juna. A soya a fili, nesa da leda, da bokitin ruwa ko yashi a kusa. Mai goyo ta sauke yaro ta ba wani kafin ta sunkuya kan kasko. In an gama a kashe garwashin da ruwa, toka kaɗai ba ta isa ba.