Fankar Lagireto Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Zan Fara?

Tambaya: Ina da Golf 3 da nake kabu-kabu da ita a Kano. In ina kan babban titi lafiya lau, amma da na shiga cunkoson Kantin Kwari sai allurar zafi ta yi ta hawa. Na buɗe bonet na ga fanka ba ta juyawa. Mai rewaya ya ce a haɗa ta dairet kawai a huta. Me kuka gani?

Amsa: Abin da ka lura da shi ya riga ya nuna inda ciwon yake. A kan gudu iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a cunkoso kuwa babu mai wannan aiki sai fanka. Amma kafin a yanke waya ko ɗaya, ka bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko ka sani fankar nan ba kullum take juyawa ba. A Golf 3 akwai wani ɗan makunni da aka ɗaura a jikin lagireto, shi ke jin zafin ruwa, kuma ba ya ba fanka wuta sai ruwan ya kai wajen digiri 95. To in ruwan ya yi ƙasa, ko iska ta shiga layin, makunnin ba zai ji zafin ba, ko da injin na tafasa. Don haka da safe, injin na sanyi, ka duba ruwa. Kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafi, tururin yana sale fuska.

Sai fis. Ciro na fanka ka ɗaga shi a haske. In ya ƙone, ka sa mai lamba irin tasa, ba a nannaɗa masa siririyar waya ba. In sabon ya sake ƙonewa nan take, ko dai fankar ta cije ko wata waya na taɓa ƙarfen mota.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a zare soket ɗin fanka, a ja wayoyi biyu daga batir a ba ta wuta kai tsaye na ɗan lokaci. In ta yi shiru, ko sai an ɗan ƙwanƙwasa bayanta sannan ta motsa, gawayin cikinta ya cinye, sai gyara ko canji. In kuwa ta tashi da ƙarfi, fanka ba ta da laifi, a koma baya. A zare soket ɗin makunnin nan na lagireto, a haɗa bakin da ke kawo wuta da wanda ke kaiwa fanka. Ta juya? Makunnin ne ya mutu, kuma kuɗinsa bai kai na fanka ba. Ba ta juya ba? A bi waya, a duba rile in motarka mai esi ce, a kankare tsatsar da ke bakin soket da wurin da wayar as ta kama jikin mota. Ƙurar hunturu da ruwan wanki suna yi wa waɗannan wurare ɓarna sosai. Ka kuma janye hannunka da hannun rigarka daga fukafukan, domin fankar wannan mota tana iya tashi ko an zare makulli.

Batun dairet kuwa, ban goyi baya ba, sai dai in a hanya ka lalace kana neman abin da zai kai ka gida. Na san dalilin da ya sa masu gyara ke son sa: zafin Afrilu ba wasa ba ne, kuma aikin minti goma ne. Amma fankar da aka ƙera ta riƙa hutawa, in ta wuni tana juyawa, gawayinta zai ƙare da wuri, kuma ranar da za ta mutu ba za ta yi maka sallama ba. In aka haɗa da cire tamostat, kamar yadda aka saba, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai fiye da kima, kai kuwa da man nan kake lissafin cinikin yini.

Kafin ka samu gyara, in allura ta doshi ja, ka faka ka kashe mota. Gasket ɗin kan injin shi ke fara ƙonewa, kuma kuɗin sauke kai ya ninka na makunni da fis sau da yawa.