Ƙarfafa Gaɓoɓin Yara Masu Sandarewar Jiki: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

A Unguwar Sarki ta Kaduna, kamar sauran unguwanni, akwai gidajen da akan ajiye yaro a ɗaka shekara da shekaru, don gaɓoɓinsa sun sandare. Waɗansu kan ce ɗan ruwa ne, waɗansu su ce shan-inna ce. Ba haka ba ne. Shan-inna takan bar ƙafa a sake, wannan cuta kuwa yawanci sandarar da ita take yi.

Asalinta lahani ne da ke samun ƙwaƙwalwa tun yaro yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko saboda shawara a kwanakin farko, ko sanƙarau. A duniya takan sami kimanin yara 2 zuwa 3 cikin 1,000. Ba a ɗaukarta, lahanin kuma ba ya ƙaruwa. Amma tsokar da ba ta aiki ramewa take yi, har wanda yake takawa ya koma zaune.

Dā likitoci suna hana irin waɗannan yara ɗaga abu mai nauyi, don gudun kada sandarewar ta ƙaru. Binciken da aka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna ba ta ƙaruwa, ƙarfi ne ke ƙaruwa. Wannan ba warkewa ba ce, amma ba ƙaramin abu ba ne yaro ya iya tashi da kansa.

Ga yadda akan yi wa wanda ya kai shekara 7, mai fahimtar umurni:

1. Ya tashi daga kan kujera ya koma, ko ya hau matakala ya sauko, da farko ba kaya, daga baya da 'yar jakar yashi a bayansa.
2. Ya yi sau 8 zuwa 12, ya huta kamar minti 2, ya sake, har zagaye 3.
3. A yi kwana 3 a mako, ana tsallake rana, har mako 12.
4. In aikin ya yi masa sauƙi, a ƙara yashi kaɗan. In gaɓa ta yi zafi, a dakata.

Lalle ne likitan gashi ya fara duba yaro ya tsara masa nauyin, balle mai farfaɗiya ko ciwon ƙugu.

To, aikin hakimi shi ne ya sa masu unguwa su nemo waɗannan yara cikin lalama, ba tare da kunyata iyaye ba. Malamin hakimi ya rubuta sunayensu da shekarunsu, a tura su sashen gashi na Asibitin Barau Dikko. Ya kamata kuma a roƙi limamai, har da na Masallacin Sultan Bello, su faɗakar da jama'a.

Dokar Tarayya da aka sa wa hannu a watan Janairu 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba ta san ɗakin da yaro yake kwance ba, mai unguwa ne ya sani.